Tsohon kare ne ya zaɓi jirgin

Shekarar da na je sitaj a Tuluz, na sauka wurin wani Bafaranshe, tsohon malamin lissafi da ya taɓa koyarwa a Damagaram. Na tarar shi da matarsa sun sa gidansu a kasuwa, suna neman jirgin ruwan da za su koma ciki da zama a Canal du Midi, hanyar ruwan nan mai kilomita 240 da aka buɗe a 1681. Karnukansu biyu, ɗaya ya tsufa, ƙafafun baya sun soma ƙi.

Jirgi huɗu muka duba. Na farko tsohon jirgin dakon kaya ne, tsawonsa ya haura mita 38. Ni dai ya burge ni, har na ce wannan ai gidan alhaji ne. Sai malamin ya ce yawancin ƙofofin da ake ɗaga jirgi a wannan hanya ba su ɗaukar wanda ya wuce mita 30. Na biyu da na uku kuwa, sai ka bi tsani a tsaye kafin ka kai ɗakunan ƙasa. Karen ya leƙa, ya kwanta a bakin ramin. Matar ba ta ko sauka ba.

A hanya na ce da ita: “Madam, saboda kare za ku bar jirgi mai kyau?” Ta dafa gwiwarta, ta ce inda ya kasa bi yau, ita za ta kasa bi nan da shekara biyar. Kunya ta kama ni, don na tuna ajina: matakala uku ce a ƙofa, kuma kullum ƴan aji ke ciccibar wata yarinya mai shan inna. Ban taɓa kai maganar gaban direkta ba.

Na huɗu suka saya. Katakon shiga mai faɗi ne, an shimfiɗa masa roba don santsi. Kicin da falo da makwanci duk a daɓe ɗaya, matakai biyu kacal, masu faɗi, ga shinge ya kewaye bayan jirgin.

Ni ma ina da tawa damuwa da na yi shiru a kanta: ina zan yi salla, karnuka na ta kai da kawo? Ashe malamin bai manta Damagaram ba. Ya buɗe wani ɗan ɗaki a goshin jirgin, ya gwada mini sakata, ya ce: “Malam, nan ba su shiga. Alƙibla dai sai ka riƙa dubawa, don gidan yana juyawa.”