Shekarun da Inna Ta Ruɗe

Ina firamare a Katsina lokacin da kakata ta wajen uba, wadda duk gida ke kira Inna, ta fara ruɗewa. Sana'arta daddawa, kuma ba ta taɓa rubuta bashi ba, amma ta san abin da take bin kowane gida a unguwa har kwabo. Lissafin nan ne ya fara kuɓuce mata. Daga nan sai ta ci tuwo, a ɗauke kwano, ta leƙo tsakar gida ta ce, "Yau ba za a ba ni abinci ba ne?" Takan ɓoye kuɗinta ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce an sace. Mahaifiyata ce ta sha wannan zargi, domin ita ke shiga ɗakin, kuma cikin dangi akwai waɗanda suka gaskata.

Manya suka ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wasu suka ce sammu ne, aka yi ta kawo rubutu da turare. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, matar da ba ta san ta yi kalaci ba tana iya zayyano sunayen ƙawayen da suka raka ta ɗakin miji, kuma Fatiha ba ta taɓa sarƙe mata ba.

Sai da na girma na karanta labarin Auguste Deter, wata Bajamushiya da aka kwantar a asibitin Frankfurt a 1901, tana mantuwa, tana zargin mijinta. Da ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita. Ya ga wasu curarrun abubuwa sun taru a tsakanin ƙwayoyin jijiya, ya kuma ga zaruruwa sun cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Daga baya aka gano sinadaran furotin ne guda biyu, amiloyid da tau. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama. Ke nan mai yiwuwa Inna na tsaka da cinikinta, lafiya lau a idonmu, ɓarnar ta riga ta soma.

Ɓarnar kuma tana bin tsari. Takan fara da yankin hifokamfas, inda ake ɗaure sabon abin da ya faru kafin a adana shi. Kamar rumbu ne da aka toshe bakinsa: tsohon hatsi na ciki, sabo ba ya shiga. Shi ya sa bikinta na nan daram, tuwon ɗazu kuwa babu. Da ta ce ba ta ci ba, iyakar gaskiyarta ta faɗa.

Ranar da ta fi girgiza gidanmu ita ce ranar da ta ƙwala wa mahaifina kira da sunansa na yanka. Ɗan fari ne, tun haihuwarsa ba ta taɓa furta sunan ba saboda kunya. Baba ya amsa, "Na'am, Inna," ya fita zaure ya daɗe bai dawo ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da kara da kawaici, kuma idan cutar ta isa can, tarbiyyar shekara 70 sai ta kwance.

Inna na da hawan jini, kuma ba ta shan magani sai kai ya sara. Wannan yana damuna har yanzu, domin hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, kuma a tsofaffi da yawa wannan lahani yana haɗuwa da na amiloyid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na nau'in Alzheimer ne.

A shekarunta na ƙarshe magana ta ɗauke, sannan haɗiya ta gagara. Mahaifiyata ce ke tallafe ta, tana ba ta kunu kaɗan-kaɗan da ludayi don kada ta ƙware, har ciwon huhu ya yi ajalinta da damina.