Tarihinmu Yana Nan, Makullin ne Ke Hannun Wani Harshe

Ana yawan cewa sai ɗan Afirka ya je Faransa ko Ingila kafin ya san kansa a ilimance. Ni ban yarda ba, domin a Yamai na yi karatun tarihi, kuma na ga abin da muke da shi a gida.

A Jami'ar Abdou Moumouni akwai cibiyar binciken rayuwar al'umma da ake kira IRSH. Can aka adana dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama ya sha wahalar tattara da yawa daga cikinsu. A garin kuma akwai CELHTO, da aka kafa a 1968 don naɗar tarihin baka. LASDEL ta biyo baya a 2001, tana nazarin yadda talaka ke mu'amala da asibiti, kotu da ofisoshin hukuma. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar, André Salifou ya rubuta na Damagaram. A Gana ma, Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon tana riƙe da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934.

Abin da ke damuna shi ne inda wannan ilimi yake ƙarewa. Lokacin da nake haɗa kundin kammala karatu, na kwana uku a gidan wani dattijo a Maraɗi, yana jera mini sunayen sarakunan Katsina da suka kafa garin bayan jihadi. Da Hausa ya faɗa, da Faransanci na rubuta, don haka dokar jami'a ta ce. Ranar da na kai masa kundin, ya shafa bangonsa, ya sa albarka, ya ce: “Ɗana, to wa zai karanta mini?” Jikokinsa da suka yi allo ba su iya ba.

Iyaka ma ta raba mu. Rabin labarin Katsina yana cikin kundayen Zariya da Gidan Arewa na Kaduna da Turancin Ingilishi, rabi yana Yamai da Faransanci. Ɗalibin nan bai karanta na can, na can bai karanta na nan, alhali in sun haɗu a kasuwar Jibiya da harshe ɗaya za su yi ciniki.

Shawarata ƙarama ce. Duk wanda ya ɗebo ilimi daga bakin mutane, jami'a ta wajabta masa taƙaita shi cikin harshensu, ko Hausa ne, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko shafi goma ne, a karanta a gidajen rediyon karkara. Tun 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, uzuri ya ragu. Dattijan da ke ba mu labari suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata su ji abin da muka yi da amanarsu tun suna da rai.