Kafin Ki Sayar Da Tinkiyarki

'Yan'uwana mata, na san wata za ta buɗe wannan shafi ta ga ana zancen mota ta ce, to ni ina ruwana, ni da ko keke ban iya ba? Ki dakata tukuna. Idan dai a gidanku akwai wata tsohuwar bas da maigida yake fita da ita neman na cefane, to kin yi ruwa kin yi tsaki a cikin maganar, domin ran da ta ƙi tashi tukunyarki ce ke fara sani. In kuma gyaran ya fi ƙarfin aljihun maigida, ke za a waiwaya: kuɗin adashinki, tinkiyar da kike kiwo, keken ɗinkinki, ko ɗankunnen da aka sako miki a lefe. Ba na cewa kada ki taimaka, ai gida na kowa ne. Amma ya kamata ki san abin da za a saya da kuɗinki, da kuma ko shi ne ya lalace.

Ni mutuniyar Gulma ce, ta ƙasar Argungu a Jihar Kebbi. Masu tsokana in sun ji sunan garinmu sai su kwashe da dariya, su ce ashe gulma har gari gare ta. Mun saba, mu ma dariyar muke yi. Maigidana yana da bas ƙirar Hiace mai shan fetur, ta shekarar 1998, 'yar Kwatano, wadda ya saya tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Da ita yake ɗaukar fasinja da buhunan shinkafa shanshera da albasa zuwa Argungu da Birnin Kebbi, wani lokaci har Sakkwato. A watan Maris na 2020, lokacin da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, motar nan ko hutu ba ta samu ba, kwana da yini tana jigilar masu zuwa kallo a Matan Fada. A wannan makon ne na ga kuɗi a hannun maigida har na ce kai, ashe tsohuwa ma tana da rana.

Sai ga ambaliyar damina ta wannan shekarar. Duk wanda yake ƙasar Kabi bai manta da Satumbar 2020 ba, ruwa ya shanye shinkafar fadama, ya cinye hanyoyi, ya karya gadoji. Maigida ya sha ratsa ruwa da motar yana kwaso mutane da kayansu, wani wurin ruwan har ya rufe taya. Ba ta nuna komai ba a lokacin. Sai da aka yi kamar wata biyu sannan ta fara hali irin na mai iskoki. Yau ta tashi lafiya, gobe a murɗa makulli ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ana cikin tafiya ta mutu a tsakiyar hanya, a sauka a buɗe a rufe ba a taɓa komai ba, sai kuma ta tashi kamar ba ita ba. Fasinja suka fara gudunta, in ta shiga layi a tasha sai ka ji ana cewa bari mu jira ta baya.

Bakanike na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce batir ne, aka sayi sabo. Na uku ya saurare ta, ya girgiza kai ya ce ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, wato abin nan da suke kira birenbos, sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, an nemo wata. Da dare maigida ya shigo ya zauna bakin gado ya yi jugum, tuwon ma bai ci na kirki ba. Can ya ce, "Uwargida, wagga mota ta kai ni bango. Ko za ki ara mini tumakin nan naki biyu, in na samu in mayar miki?"

Na ce, "Maigida, tumaki naka ne, ni ma taka ce. Amma ka ba ni kwana uku in kira ƙanena ya duba ta tukuna."

Ƙanen nan nawa ya karanta aikin lantarki a kwalejin kimiyya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, daga baya ya zauna wurin wani tsohon mai rewaya ya koyi na mota. Da ya zo, maimakon ya buɗe injin sai ya nemi tabarma ya zauna a tsakar gida ya ce, "Yaya, yaushe take mutuwa?" Maigida ya ce kullum. Ya ce a'a, babu motar da take mutuwa kullum, sai dai in gawa ce. To a nan fa aka ga amfanin zaman gida. Ni ce nake jin tashinta kowace asuba daga ɗakina, ni ce kuma nake jiran dawowarta da tuwo a rufe. A bayan littafin adashina nakan rubuta abin da maigida ya kawo kowace rana, ran da bai kawo ba in rubuta dalili. Da muka bi littafin sai muka ga kusan duk mutuwar da ta yi a hanya, da dare ta yi ta, bayan an kunna fitilun gaba, kuma yawanci a kan hanya mai gargada. Na ƙara gaya masa cewa hon ɗinta ya dushe kamar mai mura, kuma na taɓa ganin fitilar baya tana ƙiftawa tare da sigina lokacin da zai shigo lungunmu. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, kin gama rabin aikin."

Bari in gaya muku abin da ya koya mini, yadda na fahimce shi. Wutar mota ba ta aiki sai ta fita daga batir ta je inda aka aike ta, sannan ta dawo batir. Tafiyar ta cikin wayoyi take yi, amma dawowar ta jikin ƙarfen motar ne. Saboda haka akwai wata waya mai kauri da ta tashi daga kan batir mai alamar ragi ta kama jikin mota da jikin injin, masu rewaya suna kiranta at. Duk wutar motar ta wannan ƙofa ɗaya take komawa gida. In ƙofar ta tsuke saboda tsatsa, sai wuta ta shiga neman hanya ta ko'ina, kamar yadda ruwan sama yake yi in kwatar gida ta toshe, ya bi ta ɗaki ya bi ta madafa. Shi ya sa za ki kunna wannan wancan ya amsa. Fitilun gaba kuma suna jan wuta da yawa, da an kunna su sai abin da ya rage wa ƙwaƙwalwa ya kasa, ga gargada tana girgiza wayar, sai injin ya ɗauke.

Ita kuwa ƙwaƙwalwar, wata 'yar akwati ce mai kayan lantarki a ciki. Akwai 'yan aike da ake kira sansa a jikin injin, wani yana gaya mata zafin ruwa, wani yawan iskar da ke shiga, wani juyawar injin, ita kuma ta yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In an kawo mata labarin ƙarya, ko wutar da take ci ta yi ƙasa, dole ta yanke hukuncin banza alhali lafiyarta ƙalau. Ni dai na ga kamar kishiya ce a gidan da ba a bincike, ko kaza ce ta ɓata sai a ce ita ce.

Ya ɗauko 'yar mitarsa ya ɗora a kan batir, mota a kashe. Ya ce lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna kamar 12.6. Namu ya nuna kusa da haka, ai sabo ne. Aka tayar da injin, ya ce yanzu ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta tana mayar wa batir abin da ya kashe. Nan ma lafiya. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. A nan ya yi tsaki, domin ya tarar da guda biyu da wani ya ɗaure da zaren waya maimakon ya sa sababbi. Fiyus dai an yi shi ne don ya ƙone, ya fanshi sauran kayan motar in wuta ta yi yawa, kuma kowane da lambarsa, a irin masu ƙafa biyu ɗin nan ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya ɗaure shi da waya ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe, kuma da yawa daga motocin da kike jin sun kama wuta a hanya daga irin wannan ne.

Sannan ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar. Bai yi minti goma ba ya kira maigida ya ce, "Yaya, zo ka gani." Wayar at ɗin nan ta yi kore shar, laka ta bushe a kanta, da ya taɓa ta sai ta rinƙa marmashewa, 'yan silalla kaɗan ne suka rage suna riƙe da ita. Ya ɗaga kujerar gaba, domin irin wannan bas injinta a ƙarƙashin kujera yake, sai ga kashin ɓera da ɓawon shinkafa, ga wata siririyar waya ta sansa an gaigaye rigarta tana gogar ƙarfe. Ya sa aka sayo sabuwar waya mai kauri, ya goge mazauninta da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ya ɗaure tam ya shafa giris, ya naɗe wadda ɓera ya ci, ya sa fiyus na gaskiya. Duk abin da aka kashe bai kai kuɗin kaza guda ba. A daren maigida ya kunna fitilu ya je Argungu ya dawo, ko tari ba ta yi ba.

Kada wata ta ɗauka ina zagin bakanikai ne. Mafi yawansu ba macuta ba ne, yadda ake biyansu ne ya koya musu gaggawa. A wurinmu mutum ba ya jin ya biya kuɗin aiki sai ya ga an cire wani abu an sa wani. In mai rewaya ya yi awa uku yana bin waya da mita, ya gano ƙusa ɗaya ce ta kwance, sai mai mota ya ce ai ba ka yi komai ba, ya miƙa masa kuɗin goro. Ga direba a tsaye a kansa yana cewa yi sauri lodi na jirana. To wa zai zauna bincike? Gara ya ambaci babban abu a wuce wurin. Ni da kaina na sa maigida ya biya ƙanena kuɗin yini cikakke, duk da yana ta cewa haba Yaya, haba Yaya.

Yanzu kuma an shiga yayin kwamfuta, kowa sai ya ce a kai mota a jona mata. Abu ne mai kyau. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket iri ɗaya da ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Tsofaffin Toyota da suka riga wannan tsari suna da tasu dabarar, ana haɗa wasu ramuka biyu masu suna TE1 da E1 da guntuwar waya, sai fitilar cek ta rinƙa ƙiftawa, mai sani ya ƙirga ya gane lambar ciwon. Amma ko wacce aka bi, abin da take faɗa shi ne unguwar da kukan yake fitowa. In ta ambaci sansar zafi, yana iya zama sansar ce ta mutu, yana iya zama wayarta ce ɓera ya ci, ko soket ɗinta ne ya cika da laka. Sai an sa hannu an duba.

Ƙwaƙwalwa tana mutuwa kuwa, ba ƙarya ba ne. Ruwa in ya shige ta yana kashe ta, tsufa ma yana kashe ta. Amma ta wani maƙwabcinmu hannu ne ya kashe ta. Yaron motarsa ya cire kan batir alhali injin yana aiki, wai zai gwada ko altaneta na caji, dabarar da aka gada tun zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa. Wutar ta yi tsalle ta ƙona ta nan take. Haka in aka juya kawunan batir wajen jona wa wata mota, ko aka yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko aka sa tiyo aka wanke injin kamar ana wanke tabarma. Matarsa, wadda muke adashi tare, ita ta ba da kuɗin, amma da sharaɗi uku da na gaya mata. Lambar da ke jikin sabuwar ta zama daidai da ta tsohuwar, domin mota iri ɗaya tana iya zuwa da ƙwaƙwalwa iri-iri. A ɗaura a gwada a gaban mijinta kafin kuɗi ya fita, da alkawarin mayarwa in ba ta yi ba. Tsohuwar kuma a dawo da ita gida, kada a bar ta a gareji. Ta farko da aka aiko daga Kano lambarta ba ta yi daidai ba, aka mayar, sai ta biyu ce ta zauna.

Maganar ɓera kuwa ni na karɓe ta. Duk ran da aka yi lodin shinkafa, kafin a rufe motar sai yara sun share ta tas har ƙarƙashin kujeru, abin da aka tara in watsa wa kaji. Maigida yakan yi mita wai na mayar masa da mota ɗakin amarya, amma in na yi tafiya shi da kansa yake miƙa wa yaran tsintsiya.