Ziyararmu Gidan MONA Na Tasmaniya, Inda Aka Yi Caca Da Ajalin Mutum

A wannan wata za mu ba ku labarin wani gida da muka shiga a can ƙurewar duniya, wanda har yau in an zauna hira a zaure ba mu gama gardama a kansa ba.

A watan Maris na 2019 ne Allah Ya nufe mu da tafiya ƙasar Ostareliya daga Kumasi, tare da babban wanmu Alhaji, don gano ɗan 'yar'uwarmu da ke karatu a birnin Malbon. Da muka kwana biyu, sai yaron ya ce ba za mu koma gida ba sai ya kai mu Tasmaniya, wani tsibiri da ke kudu da babbar ƙasar, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a jirgin sama. Babban birninsa Hobat, gari ne mai sanyi da tsabta a bakin kogin Derwent. Ya ce a can akwai wani gidan baje kolin kayan fasaha da ake kira MONA, wato gidan tsofaffi da sababbin ayyukan fasaha, wanda mutane ke tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gan shi, wasu su fito suna yabo, wasu suna tofin Allah tsine.

Tun a masauki aka fara ja-in-ja, domin yaron bai ɓoye mana tarihin mai gidan ba. Sunansa David Walsh, haifaffen 1961, ya tashi a unguwar talakawa ta Glenorchy kusa da inda gidan yake. Allah Ya ba shi kan lissafi, shi kuwa ya kai baiwar wajen caca, musamman cacar sukuwar dawaki, har ya tara dukiya mai yawa. Da wannan dukiya ya gina gidan a kan kuɗi kimanin dalar Ostareliya miliyan 75, ya buɗe shi a watan Janairu na 2011. Mutum ne da bai yarda da addini ba, kuma ba ya ɓoyewa. Abubuwa biyu suka fi yawa a kayan da ya tara: sha'awar jiki da mutuwa.

Alhaji na jin haka ya ce, "Kai yaro, gidan da aka gina da kuɗin caca za ka kai iyayenka? Me muka ajiye a can?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Alhaji, kullum kuna tambayata irin mutanen da nake zaune cikinsu. Abokan karatuna duk sun je, kuma suna tambayata ra'ayina a matsayin Musulmi. Gara ku gani da idonku, ku gaya mini abin da zan ce musu."

Wannan magana ce ta karya wa Alhaji gwiwa. Ya yi shiru, can ya ce to, gani ya kori ji, amma da sharaɗin duk inda ido bai kamata ya tsaya ba, ƙafa ma ba za ta tsaya ba.

Washegari muka shiga jirgin ruwan gidan daga tashar Hobat. Tafiyar kamar minti 25 ce a kan kogi, kuma tun a jirgin aka fara nuna mana hali, don wasu kujerun an yi su ne da siffar tumaki, manya da yara na hawa suna dariya. Da muka sauka sai ga matakala 99 tana jiranmu. Alhaji ya hau yana hutawa yana salati. A sama ba mu ga wani katafaren gini ba, sai filin wasa da ɗan ƙaramin gida mai ƙofar madubi. Ashe ainihin gidan yana ƙarƙashin ƙafafunmu. An fafe dutsen gaɓar kogin ne aka yi hawa uku a cikin ƙasa. Sai an saukar da kai can ƙasa, zurfin kamar mita 17, sa'an nan ka fara kallo kana hawowa. Babu taga a yawancin ɗakunan, haske kaɗan ne, bangon dutse kuwa ga shi tsirara da sawun injin da ya yanke shi. Alhaji ya dubi sama ya ce, "Wannan ai kabari aka gina wa masu rai."

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne babu rubutu ko ɗaya a jikin bango da zai gaya maka sunan aiki ko mai shi. Wata 'yar na'ura kamar wayar hannu aka ba kowannenmu, ita ke gane inda kake tsaye ta kawo maka bayani, kuma tana da wurin dannawa biyu, na so da na ƙi. Wato mai gidan bai damu ka ƙi kayansa ba, muddin dai ba ka wuce kamar ba ka gani ba.

Ba za mu ce duk abin da ke ciki abin ƙyama ne ba, don ƙarya ba ta da kyau. Akwai wani aikin Bajamushe Julius Popp, inda ɗigon ruwa ke zubowa daga sama yana rubuta kalmomi a iska, kalmomin da kwamfuta ta tsinto daga labaran duniya na ranar. Kafin ka gama karanta kalma ta faɗi ƙasa ta watse, wata ta biyo. Mun daɗe a tsaye a nan, domin duk wanda ya ga yadda maganar da ta tayar da unguwa jiya take zama tsohon zance yau, ya san abin da ruwan ke faɗi. Akwai kuma aikin Sidney Nolan, mai zanen Ostareliya, ƙananan zane 1,620 da aka jera a bango mai tsawon kimanin mita 46, in ka ja da baya sai ka ga duk sun haɗu sun zama maciji guda.

Amma akwai inda sharaɗin Alhaji ya yi aiki. Mun iso wani dogon bango da aka jera siffofin al'aurar mata, muka kau da kai muka ƙara sauri, yaronmu na gaba kunya ta rufe shi. Ba mu ga hikimar da za ta halatta wannan ba, kuma har yau ba mu gani ba.

Daga nan wari ya tarye mu tun kafin mu ga mai shi. Wata na'ura ce ta Wim Delvoye, mutumin Beljiyam, jerin tuluna na gilashi a rataye, an haɗa su da bututu. Ana zuba mata abinci sau biyu a rana, ana ƙara mata sinadarai da ƙwayoyin halitta irin na cikin ɗan Adam, abincin na bi daga tulu zuwa tulu yana narkewa, da ƙarfe 2 na rana kuma ta yi bayan gida a faranti, jama'a na tsaye suna kallo. Mu da muka fito daga inda ake yi wa yaro faɗa in ya zubar da lomar tuwo, ranmu ya ɓaci da ganin abinci mai kyau na tafiya a banza. Duk da haka Alhaji, yana toshe da hanci, ya ce, "Wallahi malaminmu na allo ya sha gaya mana haka: mai girman kai ya tuna abin da yake ɗauke da shi a ciki. Shi dai bai kashe ko sisi ba wajen faɗa."

A wani ɗaki mai duhu, inda ake taka duwatsu a kan baƙin ruwa, muka tarar da gawar wani mutumin Misra mai suna Pausiris, a naɗe tun kimanin shekara 2,000 da suka wuce, a gefensa kuma hoton da na'urar asibiti ta ɗauka yana nuna abin da ke cikin likkafanin har ƙashi. Jikinmu ya yi sanyi. Ɗan Afirka ne kamarmu, danginsa sun rufe shi da mutunci gwargwadon imaninsu, ga shi yau a wata nahiya baƙi na leƙen ƙasusuwansa. Mai gidan bai ware nasa ba, don tokar gawar mahaifinsa ma tana ajiye a gidan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa yana cikin wani ɗan ɗaki a harabar waje. Allunan talabijin ne ke nuna ɗakin aikin wani mai fasaha Bafaranshe, Christian Boltanski, da ke kusa da birnin Paris, dare da rana, tun daga 2010. Yarjejeniyarsu ita ce Walsh zai riƙa biyansa kuɗi wata-wata har ranar da zai mutu, a madadin hotunan rayuwarsa. An lissafa cewa a shekara 8 kuɗin zai kai farashin aikin. In ya mutu kafin nan, ɗan caca ya sayi kaya da araha. In ya wuce, ɗan caca ya yi asara. A taƙaice, an yi caca da ajalin mutum, da yardarsa. Lokacin da muka je, tsohon ya riga ya haye shekara 8 ɗin. Bai rasu ba sai ranar 14 ga Yuli, 2021, yana da shekara 76. Mutumin da lissafinsa ya ci dawaki bai iya cin wannan ba.

A nan Alhaji ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ga amsar da za ka kai wa abokanka. Ka ce musu mai gidan nan ya yi gaskiya a rabin magana: jiki ƙazanta ne, duniya mai wucewa ce, mutuwa na tafe. Mu ma kullum haka ake gaya mana. Inda muka rabu da shi, shi ya sa aya a bakin kabari, mu kuwa a nan karatunmu ya fara. Ranar kuma ba ta shiga lissafin kowa."

Muka nemi gefe a kan ciyawa, nesa da masu shan giyar inabin da ake yi a harabar, muka yi sallar azahar, babu wanda ya ce mana uffan.

To, 'yan'uwa, ko ya kamata mutum ya je irin wannan wuri? Alhaji har gobe yana cewa sau ɗaya ya isa, kuma ba zai aiki kowa ba. Mu ma ba za mu ce a kai ƙananan yara ba, kuma wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya yi zamansa. Amma mu mazauna zango mun fi kowa sanin zama cikin mutanen da al'adarsu ba tamu ba, kakanninmu fatake ma haka suka zauna ba su narke ba. 'Ya'yanmu yanzu sun yi nisan da fataken goro ba su taɓa yi ba, kuma za su shiga irin waɗannan gidaje ko da mu ko ba mu. In duk abin da muka iya ce musu shi ne "kada ka je", ranar da suka je ba su da abin riƙewa. In kuwa mun koya musu inda za su kau da kai, da inda za su tsaya su yi tunani, da amsar da za su bayar cikin ladabi, to, mun ba su guzuri.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da daji, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu cika da kyau. Amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.