Hanyar Da Kwalba Ke Bi, Daga Dala Zuwa Challawa

Yau ba girki za mu yi ba, ba kuwa ɗinki ba. Yawo za mu tafi cikin Kano, daga gindin Dala har bakin kogin Challawa, mu ga inda a ke sarrafa ƙarfe, da irin hidimar da ƙarfen nan ke yi kafin kwalbar lemo ta iso gaban baƙonki. Kowaccenmu ta san daɗin lemo mai sanyi ranar suna ko ranar biki. Amma mu nawa ne muka taɓa tambaya, shin kwalbar nan da ba ta da ƙafa, yaya ta ke tashi daga wurin wanki ta je wurin ɗura, har ta shiga kiret? To, hanya aka gina mata ta ƙarfe, ita ce kuwa za mu bi yau.

Mu fara da Dala, don nan ne tushen abin. Masu tarihi sun ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda a ke kira Abagayawa, suka zo gindin dutsen nan neman tama. Masu tonon ƙasa kuma sun sami tsofaffin wuraren narka ƙarfe a nan, suka auna shekarunsu, suka ga sun kai tun wajen ƙarni na 7. Watau tun Kano ba ta da ganuwa a ke taɓa zugazugi a cikinta. Saboda haka abin da za mu gani a gaba ba baƙuwar sana'a ba ce gare mu, tsohuwa ce ta sake kaya.

Daga Dala zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ba wani nisa. In kin doshi sashen masu ƙarfe, kunnenki ne zai fara gaya miki kin iso. Ga rodi nan zube a ƙasa, an naɗe shi biyu don tsawonsa, ga bututu manya da ƙanana, ga fallayen ƙarfe jingine da bango, ga kuma ƙarfe mai kusurwa wanda a ke yin ƙafafun tebur da shi. Masu kura suna ta kai da kawowa suna cewa a ba su hanya. Ciniki a nan ba na mudu ba ne, na kauri ne da tsawo. Za ki ji mutum ya ce a ba shi rodi mai milimita 12, ba ya yarda da mai 10 ko da an rage masa kuɗi, don ya san abin da zai ɗora a kai.

Ko kin san kina da hannu a cikin rodin nan? Tsohon kwano da mataccen risho da kika sayar wa ɗan gwangwan, su a ke tarawa a loda a manyan motoci, a kai inda za a narka su, su komo rodi. Amma fallayen ƙarfe, musamman farin nan marar tsatsa, galibinsu daga ƙasashen waje a ke kawo su. Tun 1979 aka kafa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta don ya ɗauke mana wannan nauyi, ga shi an shafe shekara fiye da 40 ba a hura babban murhunsa na narka tama ba. Shi ya sa duk ranar da kuɗin waje ya tashi, sai mai walda a Kano ya ji a jikinsa.

Mu bar kasuwa mu nufi kudu, wajen Sharaɗa, ɗaya daga unguwannin masana'antu na Kano. A bakin hanya da cikin lunguna za ki ga rumfunan masu aikin ƙarfe, wasu ƙanana, wasu kuwa manya har mota na shiga. Na daɗe a tsaye ina kallon aikinsu, sai na ga ashe ba shi da bambanci da ɗinki. Da farko akwai zane a takarda, an rubuta awon kowane gefe. Sa'an nan a shimfiɗa ƙarfe, a auna, a ja layi da alli, a yanka, a lanƙwasa, a huda inda noti zai shiga. Mai walda ba ya haɗe abu gaba ɗaya nan take. Sai ya ɗan ɗiga wuta nan da can, kamar yadda mu ke kama riga da dogon zare kafin mu hau keke, ya sake aunawa, in ya ga daidai kana ya bi ya like. Daga nan sai guga da fenti.

Bambancin guda ne. Tela in almakashi ya zarce, ya sami ƙyalle ya toshe, mai riga ma ba za ta lura ba. Shi ƙarfe ba ya rufa wa kowa asiri. In ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta da ɗan kaɗan, abin da aka ɗora a kai zai karkace, ya riƙa ci gefe guda har ya lalace. Wani abu kuma da ya kamata iyaye mata su sani, baƙin gilashin da mai walda ke karewa da shi ba ado ba ne. Hasken wutar walda yana ƙona ido, ba kuwa nan take a ke ji ba, sai da dare yaro ya tashi yana kuka kamar an zuba masa yashi. In kin aiki ɗanki ta wajen masu walda, ki ja masa kunne kada ya tsaya kallo.

A irin rumfunan nan ne a ke ƙera tankunan ruwa, da matakala, da kantocin ajiya, da amalanken tura kaya, da injin niƙa, da kuma ƙafafun abin da ya kawo mu, watau bel mai ɗaukar kaya. Wadda duk ta taɓa taka keken ɗinki ta riga ta san asirinsa. Kina takawa, babbar ƙafa na juyawa, igiya na ɗaukar juyin nan ta kai wa ƙarama. To, ki faɗaɗa igiyar nan a ranki, ki shimfiɗa ta a kan dogon tebur na ƙarfe, ki sa injin lantarki a maimakon ƙafarki. Duk abin da aka ɗora a kai zai tafi da kansa. Iri uku na gani. Akwai na baƙar roba mai faɗi, shi ke hawa da buhuna. Akwai na gajerun bututu da aka jera kusa da kusa, kowanne na juyawa a kan boris, kiret na gangarawa a kansu. Akwai kuma sarƙa mai faffaɗan baya, kamar ta keke amma an lulluɓe ta da 'yan faranta, ita ce hanyar kwalba.

Iyayenmu sun ga zamanin da wuyan ɗan Adam shi ne bel. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, wadda a kan ce guda na cin buhu har 15,000, 'yan dako ne suka gina ta, buhu ɗaya ɗaya a ka. A can Amurka kuwa, a 1913 Henry Ford ya sa motar da a ke haɗawa ta riƙa tafiya a kan layi tana isko ma'aikata, maimakon su su bi ta da kaya. Aikin da ke cin sa'a 12 ya komo wajen sa'a ɗaya da rabi. Tun daga nan masana'antun duniya suka ɗauka.

Yanzu sai Challawa, can kudu da birni wajen Panshekara, inda majemu da masana'antu suka jeru kusa da kogi. A nan kamfanin Nigerian Bottling Company, mai yin Coca-Cola, ya ke da masana'anta. An kafa kamfanin a Ikko a 1951, ya fara ɗura lemo a 1953. Tsarin aikin gidajen lemo kusan duk ɗaya ne, ga yadda ya ke.

Mota ta kawo kwalaben da aka shanye. Wata 'yar mota mai yatsu biyu na ƙarfe a gabanta ta zura su ƙarƙashin katakon da aka jera kiret a kai, ta ɗaga abin da ƙarti goma ba za su iya ba, ta ajiye bakin layi. Wani inji mai kawuna da yawa ya sauko ya cafke kwalaben ta wuya, ya ɗora su a kan sarƙa, kiret kuma ya bi tasa hanyar zuwa wanka. Kwalabe su shiga injin wanki, wanda ya kai girman ɗaki, su jiƙa cikin ruwan zafi mai soda, irin sodar da mu ke sabulu da ita, a ɗauraye su sau da yawa. In sun fito sai su bi ta gaban fitila da na'ura mai gani, a fid da mai tsaga da mai datti. Daga nan su hau injin ɗura, wanda ke juyawa kamar lilon yara ranar Salla. Da sanyi a ke ɗura lemon, don kada iskar da ke ciki ta sa ya yi kumfa ya zube. Nan take a danna murfi. Murfin nan mai haƙora wani Ba'amurke ne, William Painter, ya ƙago shi a 1892. 'Yan makaranta, ku sami guda ku ƙirga haƙoransa, za ku tarar 21 ne.

Kwalabe dubbai ke wucewa cikin sa'a guda, suna ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ƙarfen da ke wurin ɗura duk fari ne marar tsatsa, don kullum cikin ruwa da sukari ya ke. A Sheffield ta Ingila Harry Brearley ya gano irinsa a 1913. A kan sarƙa kuma a kan zuba ruwa mai santsi kamar na sabulu, don in kwalabe sun cunkushe su zame, kada su faɗi. Lemon roba kuwa nasa daban ne. Robar kan zo 'yar ƙarama kamar yatsa, a ɗumama ta, a hura mata iska ta zama gora. Da ya ke ba ta da nauyin tsayawa, sai a rataye ta ta wuya, iska na tura ta.

Manyan injunan nan daga waje a ke sayo su. Amma ran da ƙafar bel ta tsage, ko dogon ƙarfen da ke tare kwalba a gefe ya lanƙwashe, ba mai jiran jirgin ruwa. Mai awo da mai walda a ke nema, don in sarƙa guda ta tsaya, layi duka ya tsaya.

To, 'yan'uwa, duk cikin abin da ke wurin nan, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mafi araha. Ko'ina bel ke haɗuwa da ƙafar da ke juya shi, an rufe wurin da raga ko murfin ƙarfe. Ga jan maɓalli kusa da hannu, wanda in an danna kome ya tsaya. Ma'aikaci ba ya zuwa kusa da babbar riga ko hannun riga mai reto, gashi ma a rufe cikin hula. Dalili kuwa shi ne bel ba ya gane buhu da hannun mutum. Abin da ya kama duk ja ya ke yi.

Yanzu ki tuna injin markaɗen unguwarku, inda ki ke aiken 'yarki da wake ko tattasai kowace safiya. Shi ma bel ne ke juya shi, sau da yawa kuwa a buɗe ya ke. Yarinya ta sunkuya za ta ɗauki roba, bakin gyale ko hijabi ya taɓa bel, kafin mai inji ya kai hannu ya kashe, mayafin ya naɗe ya shaƙe wuya. Maganin abin ba shi da tsada. Raga ce ta ƙarfe, wadda kowane mai walda zai ƙera cikin yini guda da guntayen da suka rage masa. Ku haɗu ku matan unguwa, ku sa masu gidajenku su yi wa mai injin magana cikin mutunci, ko da karo-karo za a yi a biya. Kafin a yi, ki koya wa 'yarki ta tattare mayafinta ta soke, ta miƙa roba daga gefen da ba bel, ta koma baya ta jira. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku. Gaskiya ne bel ya rage wa 'yan dako aiki, amma ya buɗe wani. Kayan da dā sai mai ƙarfin wuya, yau mai ilmin awo ke motsa su. Zanen da mai walda ke bi, wani ne ya zauna ya lissafta nauyi da tsawo da gudun inji, wannan kuwa ba aikin ƙwanji ba ne, na kai ne. Ana koyar da shi a kwalejojin fasaha da Jami'ar Bayero, mata ma suna karantawa. Saboda haka kada ki raina darasin lissafi, ko ki ɓuya a bayan aji ran da aka fito da ma'auni. Wadda ta iya yanka hannun riga ya zauna daidai a kafaɗa, ta riga ta kama hanya.

Wadda ta sa aka rufe bel ɗin injin unguwarsu, ta rubuto mana mu ji yadda suka yi, don wasu su koya.