Kwana 12 a biranen Jamus: abin da ido ya gani



Tun da na komo daga ƙasar Jamus, wadda waɗansu ke ce ma Almaniya, ban huta da tambaya ba. A kasuwa, a wurin suna, har bisa hanyar gona, maganar guda ce: "Malam, wai gaskiya ne a can ko tsinke babu bisa hanya? Wai mutum na iya zuba tuwo bisa kwalta shi ci?" Samari kuwa tasu tambaya daban ce: "In mutum ya je, ana karɓarshi hannu biyu?" To, tun da baki guda ba shi zagaya gari, na ce bari in rubuta cikin jarida, wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Mun tahi cikin watan Oktoba na 2024, mu huɗu, bisa gayyatar wata ƙungiya mai kula da karatun manya. Mun sauka Farankfut, muka zauna Bon, muka leƙa Kolon, muka ƙare da Barlin.

Ku sani karɓar baƙo tun daga Yamai take hwarawa. Kamin ka taka jirgi sai ka kawo fasfo, da takardar wanda ya gayyace ka, da shaidar wurin kwana, da inshorar lahiya, da tikitin zuwa da komowa. Kuɗin biza yuro 90 ne, wato wajen jika 59. In an hana ka bizar, kuɗin ba su komowa aljihunka.

Hilin jirgin Farankfut ƙal yake, har mutum na ganin huskarshi cikin daɓe. Na ce ma abokan tahiya: lalle abin da aka hwaɗa gaskiya ne. Ashe na yi gaugawa. Da maraice muka hito daga babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari, za mu masauki a ƙasa. Ba mu yi taki ɗari ba sai zarnin hitsari ya tare mu. Ga mutane kwance bakin gini, waɗansu zaune suna yi ma kansu allurar ƙwaya, ido biyu, ba kunya ba tsoro. Ga guntayen taba, ga takardu, ga kwalabe hwasassu. In ka ɗaga kai kuma, ga benayen bankuna na madubi sun tokare sama, don garin nan ne mazaunin babban bankin Turai mai kula da kuɗin yuro. Tsakanin mai kwana bisa kwali da mai ƙirga miliyoyi, tahiyar minti 5 ce. Daren nan ban yi barci da wuri ba.

A Bon na ga tsabtar da ake labari. Bon ba baƙon suna ba ne ga mai sauraren rediyo, don can sashen Hausa na Muryar Jamus yake. Shi ne babban birnin Jamus ta Yamma daga 1949 har haɗewar ƙasar a 1990, gwamnati kuma ta ƙaura Barlin a 1999. Gari ne mai mutum wajen 330.000, kwance bakin kogin Rayin, mai itatuwa da sanyin rai. Lokacin da muka je ganye na zuba, ja da rawaya, kullum da sahe kuma mutanen magajin gari masu riguna ruwan goro suna bi da motar shara suna kwashewa.

Wata dattijuwa, tsohuwar malamar lakkwal, ita aka haɗa ni da ita ta riƙa nuna mini gari. Ita ta koya mini asirin tsabtarsu. Na sha madara, na jehwa kwalin cikin kwandon da ya hi kusa da ni. Sai ta ce in dakata. Ta sa hannu ta hiddo shi, ta kai ni bayan gidan, ta nuna mini manyan durom na shara a jere. Mai shuɗin marhi na takarda ne. Mai rawaya na gwangwani da leda da kwalin madara. Wani kuma na ɓawon dankali da sauran abinci, wanda ake mayarwa taki. Baƙi na abin da ya saura. Kwalabe kuwa can bakin hanya ake kai su, hwarare daban, koraye daban, masu ruwan ƙasa daban. Kowane durom da ranar da mota ke zuwa ɗaukarshi, an rubuta cikin kalanda tun hwarkon shekara. Kuma ba kyauta ba ne: kowane gida na biyan kuɗin shara. Na ji kunya, ni da ke koya ma manya baƙi da wasali, yau ga ni ana koya mini zubar da shara.

Abin da ya hi burge ni shi ne dabarar kwalba. Tun 2003, in ka sayi ruwa ko lemo cikin gorar roba ko gwangwani, ana ƙara maka santim 25 bisa kuɗin, wato wajen dala 33. In ka shanye, ka kai gorar kanti, ka tura ta cikin bakin wata na'ura, sai ta ba ka ƴar takarda, a mayar maka da kuɗinka. Shi ya sa gora ba ta kwana bisa hanya. Wa zai yar da dala 33? Wanda ya ji ƙyuyar komawa kanti kuwa, sai shi aje gorar gindin kwandon shara, ba ciki ba, don mai nema shi ɗauka ba tare da ya tona datti ba. Masu neman kuwa akwai su. Na ga tsoho mai hurhura, da riga mai kyau, da ƴar hitila a hannu, shina leƙa kwanduna ɗaya bayan ɗaya. Dattijuwata ta ce da yawa masu ritaya ne da kuɗin fansho ba su isa.

Ledar zuba kaya irin ta kanti an hana ta tun Janairun 2022, kowa da jakarshi yake zuwa sayayya. Mu ma muna da doka irin wannan tun 2014, amma ku tambayi mahauta abin da suke tararwa cikin tumbin akuya.

Kada in cika yabo. Guntayen taba na nan ko'ina bakin tasha. Bango kuwa, duk inda hannu ke kaiwa samari sun yi mishi zane-zane da rubutu marar ma'ana, har jikin jiragen ƙasa. Mai kare na bin karenshi da ƴar leda shina kwashe kashi, amma ba duka ke yi ba, takalmina shaida ne. Lokacin da muka je, ban-ɗaki a tasha sai ka saka yuro guda ƙohwa ta buɗe, dala 131 ke nan don kama ruwa, kuma ba buta a ciki. Wanda zai je shi riƙe ƴar gorarshi. Ruwan famfo dai mai kyau ne, ana shan shi ba tacewa.

Batun kyawon gari, Kolon ta ba ni mamaki iri biyu. Kana hitowa daga tasha sai ka yi karo da babbar majami'arsu, baƙa, mai hasumiya biyu, tsawon mita 157. An sa harsashinta a 1248, ba a gama ba sai 1880. Ku ƙirga da kanku: shekara 632. Na hau matakala 533 har ƙahwahuna na rawa, na hango kogin Rayin da jiragen ruwa na kaya suna ja kamar ayarin raƙuma. Amma da na sauko na shiga gari, sai gidaje masu kusurwa huɗu kamar akwatunan sabulu, toka-toka, ba ado. Na tambayi dalili. Aka ce yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945, ya rushe kusan duk tsakiyar garin da bama-bamai, bayan yaƙi kuma aka yi gini da gaugawa don mutane su samu wurin sa kai. Manyan biranensu da yawa haka suke. Bisa gadar jirgin ƙasa da ke bayan majami'ar, samari da ƴan mata sun maƙala kwaɗo dubbai, wai alamar soyayya, su kulle su jehwa makulli cikin kogi. Na tsaya ina lissahin ɗakuna da rumbuna nawa kwaɗon nan za su kulle a garinmu.

Barlin ita ce babba, mutum hiye da miliyan 3 da rabi, kuma cikin huɗun ita ta hi datti. A waɗansu unguwanni za ka ga tsohuwar katihwa ko kujera an jingine bakin hanya. Amma gari ne mai rai. Mun ga sauran bangon da ya raba shi biyu daga 1961 zuwa 1989, ɗan uwa na gabas, ɗan uwa na yamma, ba ziyara. An bar wani yanki mai hiye da kilomita guda, masu zane sun cika shi da hotuna. A ƙohwar gidaje da yawa kuma akwai ƴan ƙarahuna na tagulla cikin daɓe, kamar tahin hannu, ɗauke da sunan mutumin da ya zauna gidan kamin gwamnatin Hitila ta kama shi, yawancinsu Yahudawa. Ba su ɓoye abin kunyarsu ba, sun sa shi inda kowa ke takawa.

To, saura tambayar samari.

Mu nan mun ce shimhiɗar huska ta hi ta tabarma. Bajamushe tabarma gare shi mai kyau, huskar ce sai a hankali. Ranar hwarko na shiga jirgin ƙasa na gaida mutanen da na tarar, kamar yadda aka hore mu. Ba wanda ya amsa. Wata mata ta jawo jakarta jikinta. Tahiyar awa guda, ba ka jin komi sai ƙarar ƙahwar jirgi. Wata rana na tsaya bisa wani jan layi gehen hanya ina kallon gini, sai mai keke ya danna mini ƙararrawa da hwaɗa. Ashe hanyar kekuna ce. Ba a ƙetare hanya in jar wuta na kunne, ko da ba mota. Daga ƙarhe 10 na dare ba a hayaniya. Ran Lahadi kantuna ruhe suke, sai na tasha, wanda bai yi cehwane ran Asabar ba shi sha ruwa. Wanda aka kama cikin jirgi ba tikiti, tararshi yuro 60, ba roƙo, ba "don Allah". Jirgin nasu kuwa da ake yabo, sau biyu shina sa mu jira cikin sanyi.

Amma a tashar Kolon na ɓace, na rasa inda jirgina zai tsaya. Na nuna ma wani dattijo tikitina. Bai yi murmushi ba. Ya dubi agogonshi, ya ɗauki jakata guda, ya sauka da ni matakala, ya hau wata, ya kai ni har ƙohwar jirgin, ya juya ya tahi kamin in gama godiya.

Baƙi na da yawa cikin biranen nan. Turkawa sun hwara zuwa aiki tun 1961, jikokinsu yanzu ƴan ƙasa ne. Musulmi sun hi miliyan 5. A Kolon akwai babban masallaci mai hasumiya biyu, naman halal kuma ba shi da wuyar samu. Burodi da gasasshen nama na Turkawa na saya yuro 7, wajen jika 4 da rabi, ci guda. Duk da haka ba kowa ke son baƙi ba. A zaɓen Fabrairun 2025, jam'iyyar AfD mai neman a tsuke ƙohwar shigowa ita ta zo ta biyu, da wajen kashi 20 cikin 100 na ƙuri'u.

A Barlin na gamu da wani yaro Bahaushe, da jin maganarmu ya tsaya kamar an dasa shi. Ta hamada da teku ya shiga Turai. Shina zaune gidan masu neman mahwaka, ɗaki guda su uku, shekara da shekaru shina jiran takarda. Ya ce abinci bai gagare shi ba, abin da ke cin shi zaman banza da rashin mai ce mishi sannu. Duk wata magana ta hukuma cikin wasiƙa take zuwa, da Jamusanci, shi kuwa ko boko bai yi ba. A can tikiti na'ura ke sayarwa, hanya allo ke nunawa, wanda bai iya karatu ba makaho ne da ido. Su kansu suna da nasu: wani bincike na 2018 ya nuna manya miliyan 6,2 ne karatu da rubutu ke ba wuya, akwai kuma azuzuwan dare dominsu. Yaron ya roƙe ni in na komo kada in ce ma kowa shina shan wahala. Shi ya sa ban hwaɗi garinsu ba.

Na tuna mishi ba shi ne Bahaushen hwarko da ya ga ƙasar nan ba. Wani Bajamushe matahiyi, Barth, wanda ya kira kanshi Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa a 1851, ya zauna Damagaram ƙarshen 1852. Da zai koma a 1855 ya tahi da wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda ya ga Ingila da Jamus, aka rubuta labarinshi da Hausa, daga baya ya komo ƙasar Hausa. Yaron ya yi dariya, ya ce shi Dorugu da mai gida ya zo.

Kamin mu bar Bon dattijuwata ta gayyace ni cin abinci gidanta. Tun saura mako guda ta sa rana, ta ce ƙarhe 7. Na iso 7 da kwata, na tarar tana tsaye bakin taga. Ta tambaya tun da wuri abin da ba ni ci, ta je har kantin Turkawa ta sayo naman rago. Mun yi hira har dare. Na tambaye ta labarin maƙwabcinta na ƙohwa da ƙohwa. Ta ce shekara 11 suna tare, sunanshi ta sani don an rubuta bisa ƙararrawar gida.

Da zan hita na ce mata ita ma ta zo ta ga garinmu. Sai ta ɗauko ɗan littahinta da alƙalami, ta ce wace rana, ƙarhe nawa? Na ce mata wurinmu baƙo ba shi aiko da rana. Ta zo kurum, amma ban da damina, don hanyarmu laka gare ta.