Fuskar Da Na Je Nema A Gidan Makama

Wata ranar Asabar da hantsi ƙawayena biyu suka zo har gida suka ce lallai sai na raka su Gidan Makama kallon tsofaffin hotuna. Abin kunya, ni haifaffiyar birnin Kano ce amma ban taɓa leƙawa ba, kullum dai sai in wuce ta ƙofarsa.

Gidan yana daura da gidan Sarki, ginin ƙasa ne mai kauri, kana shiga soro za ka ji wani sanyi ya ratsa ka. Mai yi mana jagora ya ce asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ga ganuwa da ƙofofinta, ga Sarki Abbas da Turawa suka naɗa a 1903, ga Abdullahi Bayero da ya hau a 1926. Su ƙawayen nawa sai hira suke suna ƙyalƙyala dariya.

Ni kuwa ina zuwa kan hoton dalar gyaɗa sai na tsaya cak. Buhuna ne jere har sama, ga 'yan dako a gindinsu kowa da buhu a ka. Gabana ya faɗi, domin kakana na wajen uwa wannan aikin ya yi har ya ciyar da 'ya'ya bakwai, kuma ya rasu ba mu da hotonsa ko ɗaya. Na dinga bin fuskokin nan da ido ko zan ga mai kama da Innata. Sarakuna kowa da sunansa a ƙasan hoto, su kuwa bayin Allah nan babu mai suna.

"Ke lafiya? Kuka kike yi?" in ji aminiyata. Na ce ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Da na koma gida na ba kakata labari, ta yi shiru can ta nisa ta ce, "Allah Sarki Malam, har ya bar duniya tsakiyar kansa ba gashi saboda buhu." A ranar na lallashe ta, ita da ba ta yarda da hoto, ta gyara lulluɓinta na ɗauke ta.

'Yan'uwa, duk mai tsoho a gida kada ya yi sake irin namu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.